Masu Jarin Soron Empire State

A birnin Niyok na ƙasar Amurka akwai wani soro da a ke kira Empire State. Hawansa 102, tsawonsa kuwa ran da aka gama shi ƙafa 1,250. Tun daga shekarar 1931 har 1970 babu wani gini a duniya duka da ya kai shi tsawo. Masu ba da labarinsa yawanci tsawon nan su kan yaba, da kuma saurin maginan da suka tashe shi. Amma soro ba ya tashi sai da kuɗi, kuɗin nan kuwa na waɗansu mutane ne da suka haɗa jari suka damƙa wa waɗansu su yi aiki da shi. Abin da ya sami waɗannan masu jari shi ne ba a cika faɗi ba.

Irin wannan tarayya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun zamanin fatauci attajiri ya kan ba falke jari ya tafi Gwanja sayen goro. In falke ya komo lafiya sai a fid da uwar kuɗi, a raba riba bisa ga abin da aka shirya. In kuwa hasara ta auku ba da laifin falke ba, to, dukiyar mai jari ce ta tafi, shi falke wahalarsa ce ta faɗi banza. Malamai suna kiran wannan ƙiradi. Haka a ke yi wajen manyan gine-gine a biranen Turai da Amurka, sai dai a can akwai na uku, watau mai ba da rance. Shi ba abokin tarayya ba ne. Ya kan ba da kuɗi a bisa ruwa, a jinginar masa da filin da ginin gaba ɗaya. In kuɗin haya ya shigo, sai an biya harajin gari, an biya ma'aikata, an biya mai rance, sa'an nan abin da ya saura ya zama na masu jari. In ba abin da ya saura, ba su da wanda za su kai ƙara.

Filin da soron ya ke a kai yana bakin wani babban titi da a ke kira Titi na Biyar. Dā gona ce. A cikin 1827 wani daga zuriyar Astor, attajiran birnin, ya saye ta, daga baya jikokin gidan suka gina masaukin baƙi a wurin, mai suna Waldorf-Astoria, wanda a zamaninsa ba shi da na biyu a Niyok. Da aka yi shekara talatin da 'yan kai sai manyan gari suka ƙaura suka yi arewa, masaukin ya tsufa, aka sa shi kasuwa a 1928. Wanda ya fara tayawa wani ɗan kwangila ne, Floyd Brown. Ya ba da dala 100,000 daga aljihunsa, ya ranto 900,000 daga banki ya cika kuɗin kafin alƙalami, yana tsammanin zai sami sauran. Bai samu ba. Fili ya kuɓuce masa, ya faɗa hannun waɗansu attajirai biyar da suka kafa kamfani don wannan aiki kaɗai. Su ne John Raskob, da Pierre du Pont, da ɗan'uwansa Coleman du Pont, da Louis Kaufman, shugaban wani banki, da Ellis Earle.

A cikinsu Raskob ne uban tafiya. An haife shi a 1879, ba a gidan sarauta ba, ba kuma a gidan dukiya ba. Da akawu ya fara. Yana ɗan shekara ashirin da kaɗan Pierre du Pont ya ɗauke shi ya riƙa rubuta masa takardu da lissafi. Gidan du Pont kuwa sana'arsu yin albarushi, sun yi arziki da shi ƙwarai, balle a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Akawun nan ya yi ta hawa har ya zama shi ke riƙe da baitulmalin kamfanin. Shi ne ya ba ubangidansa shawara su zuba kuɗi a kamfanin motoci na General Motors, shawarar ta yi kyau, su duka biyu suka ƙara kuɗancewa. Saboda haka duk inda Raskob ya sa ƙafa, du Pont ba ya jinkirin sa tasa.

A cikin 1928 Raskob ya bar aikin motoci ya shiga siyasa, ya jagoranci neman zaɓen abokinsa Alfred Smith, wanda ya nemi shugabancin Amurka. Smith ɗan talakawa ne, ya yi aikin ƙarfi a kasuwar kifi yana yaro, ya kuma yi Gwamnan jihar Niyok sau huɗu. Herbert Hoover ya kā da shi. Ga Smith ba mulki ba aiki, ga abokinsa da fili da niyyar gini, sai aka naɗa shi shugaban sabon kamfanin, a bisa albashin dala 50,000 a shekara. Ba don ya san gini aka ɗauke shi ba. Sunansa a ke so, da fuskarsa, gama babu ofishi ko gidan jarida a birnin da zai ƙwanƙwasa ƙofa a ƙi buɗe masa. Watau an raba aiki ke nan: waɗansu da kuɗi, wani da suna, waɗansu kuma da gwaninta.

Zamanin kuwa na bunƙasa ne. Kasuwar hannun jari ta Niyok kullum sai hawa ta ke yi, mutane na ranto kuɗi suna sayen hannun jari, suna kwana suna tashi da riba. A watan Agusta na 1929 wata mujallar mata ta buga hira da Raskob, inda ya nuna cewa duk wanda ya riƙa ajiye dala 15 kowane wata a hannun jari, cikin shekara 20 zai tara wajen dala 80,000. Ran 29 ga wannan watan ne Smith ya tara 'yan jarida ya shaida musu za a gina soro mai hawa 80, wanda zai fi kowane tsawo a duniya. Ran 1 ga Oktoba aka fara rushe masaukin baƙin.

Ba a yi wata guda ba kasuwa ta karye. Ran 24 ga Oktoba, da kuma ran 29, farashin hannun jari ya zube, masu dukiyar takarda suka wayi gari ba su da kome. A nan ne ya kamata masu jari su tsaya su sake shawara, amma tsayawar ba ta da sauƙi. An riga an sayi fili da tsada, an kware rufin gidan da ke kawo kuɗi, ba a iya mai da shi. Da yawa kuma a lokacin sun ɗauka masassara ce ta 'yan watanni. Sai suka ci gaba. A watan Disamba kamfanin inshora na Metropolitan Life ya yarda ya ba su rancen dala miliyan 27 da rabi, aka jinginar masa da aikin.

Wani abu kuma ya shiga, wanda ba ya cikin lissafin haya, watau gāsa. Walter Chrysler, mai kamfanin motoci, yana nasa soron a birnin, ya ɓoye wani tsinin ƙarfe a cikin ginin, ran nan kwatsam ya sa aka ɗaga shi, soronsa ya kai ƙafa 1,046. Raskob, tsohon mutumin General Motors, bai yarda ya zo na biyu ba. Aka ƙara hawa har tsawo ya kai ƙafa 1,050. Da aka ga ƙafa huɗu ba rata ba ce, sai aka ɗora wata hasumiya mai ƙafa 200 a bisa, aka ce wai nan manyan jiragen balan-balan za su riƙa ɗaurewa suna sauke fasinja. Iskar da ke kaɗawa a can sama ba ta bari an sauke ko mutum ɗaya ba. Hasumiyar dai ta ci kuɗi, ba ta da ɗakin da za a ba da haya, amma ta sa soron ya zama na ɗaya.

Wajen gini kuwa ba a ga abin zargi ba. Masu zana tsarin su ne Shreve da Lamb da Harmon, 'yan kwangila kuwa Starrett da Eken. An sa musu wa'adi, ran 1 ga Mayu 1931, domin a al'adar Niyok ta wancan zamani ran 1 ga Mayu a ke ƙulla hayar ofisoshi, wanda ya kuskure ta sai baɗi, ga ruwan bashi yana tafiya bai san jira ba. Aka fara kafa ƙarfe ran 17 ga Maris 1930. Daga Pittsburgh a ke kawo ƙarafan, kowane da lambarsa da gurbin da zai shiga. Aka shimfiɗa 'yar hanyar jirgi a kowane hawa don tura kaya, aka buɗe wuraren cin abinci a sama don kada leburori su ɓata lokaci wajen sauka. A kan tā da hawa huɗu da rabi a mako, akwai lokacin da aka tā da hawa 14 cikin kwana 10. Ran da ma'aikata suka fi yawa sun ɗara 3,400. An sa tubali wajen miliyan 10. Littattafan kamfani sun nuna mutum biyar suka rasu a bakin aiki. Cikin kwana 410 aka gama, kuma da ya ke kasuwa ta faɗi, kayan gini sun yi araha, aiki bai ci abin da aka yi tsammani ba. Da fili da gini duka sun tashi a kan dala miliyan 41 ba kaɗan.

Ran 1 ga Mayu 1931 aka buɗe. Jikokin Smith suka yanke ƙyalle, Shugaba Hoover ya danna maɓalli daga Washintan don alamar kunna fitilu, Gwamna Franklin Roosevelt ya halarta. Aka ci aka sha aka watse. Sa'an nan aka duba littafin haya, aka tarar ba a kama ko rubu'in ɗakunan ba. Kashi 23 cikin 100 kaɗai ke da masu haya.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. A shekarun bunƙasa an gina ofisoshi a Niyok fiye da bukata, kowa na gini yana zaton shi kaɗai ya hango. Yanzu kamfanoni na rufewa, bankuna na karyewa dubbai, har ya zama a 1933 cikin kowane ma'aikata huɗu a Amurka ɗaya ba shi da aiki. Bugu da ƙari, soron ba ya kusa da unguwar bankuna, kuma da 'yar tafiya tsakaninsa da manyan tashoshin jirgin ƙasa biyu na birnin, alhali Chrysler yana dab da ɗaya daga cikinsu. Daga hawa na 41 zuwa sama yawanci ba kowa sai ƙura. Mutanen gari suka juya sunan soron da ba'a, suna kiransa da wata kalma mai kama da sunansa wadda ma'anarta wofi. Da dare a kan bar fitilu a kunne a benayen sama, don wanda ya hango daga nesa ya zaci da mutane.

To, a duba yadda kowa ya fita. Masu zane an biya su ladansu, sun kama wani aiki. 'Yan kwangila an sallame su. Masu ƙarfe da masu tubali sun karɓi kuɗinsu. Smith yana da albashinsa, gama albashi ba ya jiran riba. Kamfanin inshora yana riƙe da takardar jingina, ruwan kuɗinsa kuwa, ko da biyar ne bisa ɗari, ya haura dala miliyan 1 da 300,000 kowace shekara, ko ɗakuna sun cika ko ba su cika ba. Hukumar gari tana jiran harajinta. Wutar lantarki da masu shara da masu tuƙa akwatunan hawa sama duk sai an biya. Waɗanda ke can ƙarshen layi su ne mutanen da suka fara sa kuɗinsu tun ba a haƙa rami ba. Ba riba kaɗai suka rasa ba. Mai jari a irin wannan hali zaɓinsa biyu ne, ko ya ƙara zuba kuɗi ya cike giɓi, ko ya bar mai rance ya ɗauke gini, abin da ya sa a baya ya bi ruwa. Floyd Brown bai iya ƙarawa ba, ya fita tun da wuri. Soraye da yawa a Amurka sun koma hannun masu rance a waɗannan shekaru. Empire State bai koma ba, ba kuwa don lissafin masu shi ya fi na sauran daidai ba, sai don aljihun Raskob da du Pont yana da zurfin da zai jure jira.

Abin da ya ɗan riƙe su wani abu ne da ba shi aka sa a gaba ba. A hawa na 86 akwai baranda inda mutum zai tsaya ya ga birnin duka. Masu yawon buɗe ido suka riƙa biyan dala guda suna hawa, abin da aka tara daga gare su ya zama babban taimako. A 1933 kuma aka yi wani sinima mai suna King Kong, na wani ƙaton goggon biri da ya hau ƙololuwar soron, sunan gini ya ƙara zaga duniya. Amma suna ba ya biyan bashi. Sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, ma'aikatun gwamnati da kamfanoni suka bukaci ofisoshi, aka kuma daina sababbin gine-gine, sa'an nan ɗakuna suka cika. Ana gab da ƙare yaƙin, ran 28 ga Yuli 1945, wani jirgin saman soja ya ɓace cikin hazo ya daki soron wajen hawa na 79, mutum 14 suka mutu. Ginin bai girgiza daga tushensa ba, bayan kwana biyu aka buɗe ofisoshi da yawa.

Soron bai fara kawo riba sosai ba sai wajen 1950, watau shekara kusan 20 bayan buɗe shi. Coleman du Pont ya rasu tun 1930, bai ko ga an gama ba. Smith ya rasu a 1944. Raskob ya rasu a watan Oktoba 1950. A 1951 magadansa suka sayar, ciniki ya tashi a kan dala miliyan 51, wanda a lokacin ba a taɓa sayen gini guda da kuɗi kamarsa ba. Mai jin wannan sai ya ce an ci ribar miliyan 10. Amma tsakanin 1931 da 1951 tsadar kaya a Amurka ta ƙaru da fiye da rabi, saboda haka miliyan 51 ɗin nan ba ta sayen abin da miliyan 41 ta saya ran da aka gama gini, ba a ma zancen shekarun da kuɗin ya yi kwance.

Bayan shekara goma sai aka sake wata tarayya a kan soron, mai tsari dabam. Wani lauya, Lawrence Wien, da abokinsa Harry Helmsley, dillalin gidaje, suka ƙulla cinikinsa a 1961 a kan dala miliyan 65. Wien ya daɗe yana wata dabara, ta tara kuɗin masu matsakaicin hali a sayi babban gini. Ya yanka jarin dala miliyan 33 gunduwa gunduwa, kashi 3,300, kowane kashi dala 10,000, har a kan sayar da rabin kashi. Likitoci da 'yan kasuwa da gwauraye da waɗanda suka huta da aiki, mutum wajen 3,000, suka saya. Kamfanin inshora na Prudential ya zama shi ke da mallakar wurin, ƙungiyar masu jari ta karɓi haya daga gare shi ta shekara 114, ita kuma ta miƙa wa wani kamfani na su Wien da Helmsley ya riƙa gudanarwa. Aka tsara mai kashi guda zai riƙa samun dala 900 a shekara, in ribar gudanarwa ta wuce miliyan guda kuma a raba rarar biyu, rabi ya tafi wajen masu jari.

Waɗannan ba su fi Raskob wayo ba, ba su kuma kai shi kuɗi ba. Bambancin shi ne shi ya sa jarinsa a rami, su kuwa sun sa nasu a gida mai cike da masu haya, wanda a ke iya buɗe littafinsa a ga abin da ya kawo bara. Sun sami rabonsu shekara da shekaru. Sai dai abin da suka samu na kwanciyar hankali sun biya shi da rashin ta cewa. Ba su da hannu wajen zaɓen masu haya, ko gyara, ko kashe kuɗi. Wien ya rasu a 1988, surukinsa Peter Malkin ya gaje shi. Helmsley ya rasu a 1997, aka shiga shari'a tsakanin Malkin da kamfanin da Helmsley ya bari a kan yadda a ke tafiyad da soron, ba a rabu ba sai 2006. A tsakanin nan Prudential ya sayar da mallakarsa a 1991 a kan dala miliyan 42, ta faɗa hannun wani attajirin Japan, Hideki Yokoi. Iyalinsa suka haɗa kai da Donald Trump, aka je kotu neman a warware doguwar hayar nan, kotu ba ta yarda ba. A 2002 ƙungiyar masu jari ta sayi mallakar da kanta a kan dala miliyan 57 da rabi. Duk wannan ja-in-ja da aka yi, masu kashi na dala 10,000 a takarda su ke karantawa, kamar kowa.

Ran da aka nemi bakinsu kuwa, sai wani sharaɗi ya fito daga cikin tsohuwar yarjejeniyar 1961, wanda da yawa ba su taɓa lura da shi ba. Gidan Malkin ya kawo shawara a haɗa soron da waɗansu gine-gine a yi kamfani guda, a sa shi a kasuwar hannun jari. Sai masu kashi 80 cikin 100 sun yarda abin zai yiwu. Amma yarjejeniyar ta ce in aka sami wannan adadi, wanda ya ƙi za a ba shi kwana 10 ya sake shawara, in ya nace sai a saye kashinsa a kan dala 100. A lokacin da yawa daga masu kashin 'ya'ya ne da jikokin waɗanda suka sa hannu tun farko. Waɗansunsu suka kai ƙara, suka ce wannan tilas ce aka yi mata rigar zaɓi. A 2013 alƙali ya yanke cewa sharaɗin bai saɓa wa doka ba. Aka sami adadin da a ke nema, aka sa kamfanin a kasuwa a watan Oktoba na shekarar, a kan dala 13 kowane hannun jari. Kashin da aka saya dala 10,000 a 1961 ya tashi a kan fiye da dala 200,000, aka ba masu shi takardun sabon kamfani a madadinsa, ƙungiyar da Wien ya tara ta narke a ciki.